Sitiyari Mai Tauri: Na Asali da Na Ganganci

Gaisuwa ga mutanen Maradi, da na Tsibirin Gobir, da na Jiratawa. Gaisuwa ga direbobin da ke tasha suna jiran lodi. Gaisuwa ga makanikai da ke kwance ƙarƙashin mota, rediyo na gefe. Iyayenmu mata da ke gida, ku ma ku matso kusa, don maganar yau ta shafi 'ya'yanku.

Yau zancen mota za mu yi. Kuma a jikin motar, abu ɗaya za mu kama: sitiyari, wanda mu nan muka fi kira bolan. Musamman sitiyari mai tauri, wanda sai an sa ƙarfin damtse yake juyawa.

Abin da ya kawo maganar wani yayi ne da ya shigo tsakanin samarinmu masu mota. Yaro zai sami mota 'yar Kwatano, ya wuce da ita gareji. A sa mata tayoyi masu faɗi. A sauke ta ta yi ƙasa-ƙasa. A huda salansa don ta riƙa ruri. A cire sitiyarin da ta zo da shi, a ɗora ɗan ƙarami irin na motocin tsere. Ran da famfon sitiyari ya fara yoyon mai, sai a ce a zare bel ɗinsa a huta. Wasu ma ba sa jiran ya lalace, da gangan suke zarewa. Sun ji an ce manyan motocin gudu na Turai ba su da famfo, kuma famfon yana shan ƙarfin inji.

To ga abin da nake so ku riƙe tun daga farko, zan kuma maimaita shi. Motar da aka ƙera ba famfo daban take. Motar da aka kashe wa famfo daban take. Ta farko ana zama da ita lafiya shekara da shekaru. Ta biyu hatsari ce da ke yawo a kan titi.

Bari mu fara da ta farkon, don mun san ta.

Mu mutanen Katsinar Maradi da Gobir ba baƙin sitiyari mai ƙarfi ba ne. Ku tambayi tsofaffin direbobin da suka yi jigilar gyaɗa daga nan zuwa Kano, kafin farin shekarun 1970 ya karya kasuwarta. Manyan motocin da suka tuƙa, irin su Berliet da Marsandi mai hanci, da ƙarfin mutum ake juya yawancinsu. Sannan ga Fijo. Ga 404, ga 504 wadda ta fito a 1968, aka kuma fara haɗa ta a Kaduna a 1975. Ita ce ta yi shekaru tana lodin fasinja daga Maradi zuwa Ɗan Isa, zuwa Jibiya, zuwa Katsina. Yawancin waɗanda suka yi aiki a nan ba su da famfon sitiyari. Ba a kuma ce da su mugayen motoci ba. A shekarar 1975 ɗin nan ma, 504 ce ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya, ɗaya daga cikin tseren da suka fi wahalar da mota a duniya.

Me ya sa ake iya tuƙa su? Saboda da niyyar hakan aka ƙera su. Ku tuna sitiyarin 504. Babba ne, faffaɗa. Tayoyinta sirara ne. Tayoyin baya ne ke tura motar, na gaba aikinsu juyawa kawai. Sannan haƙoran da ke cikin ƙarfen sitiyarin an tsara su yadda direba zai yi ta murzawa, zagaye bayan zagaye, amma kowane zagaye da sauƙi. Ana biyan sauƙin da yawan murzawa. Injiniyan da ya zana ta ya san hannun ɗan Adam ne kaɗai zai juya ta, sai ya auna komai da ƙarfin hannun ɗan Adam.

Yanzu mu juya ga mota mai famfo.

Wani injiniya Ba'amurke mai suna Francis Davis ne ya gwada wannan dabara tun 1926. Kamfanin Chrysler ya fara sayar da ita a motar gida a 1951. Yadda take aiki ba wuya. Inji yana juya famfo da bel. Famfo yana matsa mai. Idan ka ɗan karkata sitiyari, sai wata ƙofa ta buɗe, man ya tura ƙarfen da ke juya tayoyi. Kai nuni kake yi, man ne ke ɗaukar nauyin. Daga ƙarshen shekarun 1980 kuma Japanawa suka fara sa ƙaramin injin lantarki a madadin famfon. Shi ne a yawancin sababbin motoci yanzu.

Ku saurara da kyau a nan, don nan ne tushen maganar. Da famfo ya samu, sai masu ƙera mota suka dogara da shi. Suka rage girman sitiyari. Suka rage yawan murzawa, don mota ta riƙa amsawa da sauri. Suka ƙara faɗin taya. Suka tara inji da giya duka a kan tayoyin gaba, suka kuma sa tayoyin gaban su ne ke jan motar. Suka karkata ƙafar gaba yadda mota za ta riƙa miƙewa da kanta in ana gudu, wanda shi ma yana ƙara wa sitiyari nauyi. Duk wannan sun yi shi ne da sanin cewa akwai famfo. Corolla da Camry da Honda da Golf ɗin da ke shigo mana, yawancinsu haka aka gina su.

To idan ka zare bel, me ka yi? Ka bar duk wannan nauyi a wurinsa, ka kori mai ɗaukarsa. Ba ka mai da motarka 504 ba. Ka mai da ita abin da ya fi 504 tauri nesa ba kusa ba.

Abin ma bai tsaya nan ba. Man da ke cikin ƙarfen sitiyarin yana nan. Dā shi ke taimakonka, yanzu kai ne za ka riƙa tura shi da hannunka ta cikin ƙananan tiyo. Robobin da ke tare man suna nan suna goga. Akwai kuma wani siririn ƙarfe a cikin ƙofar man, wanda aka yi shi don ya ɗan murɗe kafin famfo ya kawo agaji. In babu famfo, sai ya murɗe har iyakarsa kafin ƙarfin da kake sawa ya kai ga tayoyi. Shi ya sa irin wannan sitiyari yake haɗa aibi biyu: ga tauri, ga ɗan wasa a tsakiya.

Jama'a, motar da aka ƙera ba famfo daban take. Motar da aka kashe wa famfo daban take.

Na san abin da wani saurayi zai ce yanzu. Zai ce, Malam, ni fa ina tuƙa tawa kullum, kuma lafiya lau. Gaskiya ne, ƙanena, kuma a nan yaudarar take. Tsakanin Maradi da Tsibiri bai kai kilomita 15 ba, kwalta ce, babbar hanyar Yamai. In ka hau ta ka sake wa mota, sitiyari zai yi sauƙi, don taya mai gudu ba ta gardamar juyawa. Sai ka ɗauka babu matsala. Amma hatsarin cikin gari ba a irin wannan gudun yake zuwa ba. Yana zuwa ne a kwana. Yana zuwa a bakin kasuwa ranar Litinin ko Juma'a. Ɗan kabu-kabu ya yanko gabanka. Adaidaita ya tsaya ba sigina. Amalanken jaki ya fito daga lungu. Yarinya mai talla ta ruga tsallake titi. A wannan lokacin kana buƙatar ka kauce, ka kuma dawo layinka, duka cikin ƙiftawar ido. Kaucewar farko wataƙila ƙarfinka ya kai. Dawowar ce ke gagara. Daga nan sai mota ta nufi inda ba ka aike ta ba.

Ku ƙara da yashi. Kowa ya san da zarar ka sauka daga kwalta ka shiga unguwa, ko Zariya ce, ko Ali Ɗan Tsoho, ko cikin garin Tsibiri, rairayi ne. Taya mai faɗi tana nutsewa ta kama gurbin da wata mota ta bari. In damina ce, ga laka a hanyoyin gonakin Jiratawa da bakin gulbi. Taya ta daki kututture ko bakin rami, sitiyari ya fizgo da ƙarfi. Mai famfo yana shanye wani kaso na wannan duka. Wanda babu famfo kai tsaye yake miƙo maka shi a wuyan hannu. Tsofaffin direbobi sun san haka. Shi ya sa ba sa zura babban yatsa cikin sitiyari a hanyar daji.

Yanzu bari mu yi wa samarin adalci, don hujjarsu ba ƙarya ce tsantsa ba.

Gaskiya ne akwai motocin gudu masu tsada da ba su da famfo. Akwai Lotus Elise ta Ingila wadda ta fito a 1996. Akwai Alfa Romeo 4C ta Italiya a 2013. Gaskiya ne kuma masu tuƙa su suna yabon yadda suke jin hanya a tafin hannunsu. Suna jin lokacin da taya ta kama ƙasa da lokacin da ta fara zamewa. Wannan jin daɗi ne na gaske, ban raina shi ba. Amma ku dubi motar. Elise ta farko ba ta kai kilo 800 ba. Injinta a bayan direba yake, gabanta ba nauyi. Tayoyin gabanta sun fi na baya siranta. Wato ita ma irin 504 ce ta wannan fuska, da niyya aka yi ta haka tun daga zane. Motarka kuwa ta haura tan ɗaya, kuma mafi yawan nauyin a gaba yake.

Sannan ga abin da ba a gaya wa samarin. Motocin Formula 1 suna da famfon sitiyari. Motocin tseren daji na wannan zamani, irin masu shiga tseren Dakar wanda a dā yake ratsa Agadas da Tenere, su ma suna da shi. Ƙwararrun da tuƙi ne sana'arsu, masu motsa jiki kullum, ba su ɗauki taimakon famfo abin kunya ba. Ƙarfin injin da famfo ke ci kuwa ɗan kaɗan ne. A titin Maradi ba za ka taɓa jin bambancinsa ba. Abin da za ka ji shi ne ciwon kafaɗa.

Sai maganar ƙaramin sitiyari da faffaɗar taya, wanda a ganina shi ne ya fi muni.

Duk wanda ya taɓa zama a gareji ya ga yadda ake kwance notin da ya cije. Makaniki yana zura dogon bututu a bakin sifana, ya danna, notin ya saki. Tsawon hannun ne ya ba shi ƙarfi. Sitiyari ma haka yake. Faɗinsa shi ne ƙarfinka. In ka cire babba ka sa ƙarami, ka gajarta sifanarka da hannunka. In kuma ka sa rim mai fitowa waje don mota ta yi ƙirji, ka ƙara wa hanya tsawon tata sifanar a kanka. Kowane rami zai fi fizgar sitiyari. Boris da gaɓoɓin ƙafar gaba za su fi saurin ci. Ga kuma asarar da ba a lissafawa: sitiyarin asali na motocin zamani a cikinsa jakar iska take, wadda ke tare ƙirji da fuskar direba in an yi karo. Ɗan ƙaramin na ado ba shi da ita.

Haɗa waɗannan wuri ɗaya. Ba famfo, ga faffaɗar taya, ga ƙaramin sitiyari. Sannan a shiga rakiyar amarya da wannan mota, a cika ta da abokai, a riƙa murza ta a tsakiyar jama'a ana tada ƙura, yara na gefe suna kallo. Wallahi abin yana tayar mini da hankali. Ranar farin cikin gida biyu ce. Ba ranar da za a gwada ƙarfin damtse a kan rayukan 'ya'yan mutane ba.

To, mu bar masu ado, mu koma ga masu larura, don su ne suka fi yawa.

Ba kowa ne ya zare bel don yayi ba. Akwai mai taksi da mai ɗaukar kaya zuwa kasuwannin ƙauye, wanda famfonsa ya mutu bai da kuɗin wani. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, hanyar shigowar motoci da kayan gyaransu ta yi nisa, kuɗinsu ya hau. Man Najeriya da 'yan ruwa-ruwa ke sayarwa shi ma ya daina araha tun da aka cire tallafi a can a 2023 ɗin. Mai iyali yana lissafin hatsi kafin ya yi lissafin famfo. Na fahimci wannan, kuma ba zan zarge shi ba. Amma ɗan'uwana, ga shawara.

Famfo ba ya mutuwa rana ɗaya. Yana fara kuka ne in ka murza sitiyari. Kana ganin ɗigon mai a inda mota ta kwana. A wannan matakin, sau da yawa tiyo ne ya tsage ko roba ta saki, kuma gyaransu bai kai kuɗin famfo ba. Wanda ya bari man ya ƙare famfo ya yi ta juyawa a bushe, shi ne ke sayen sabo. Kuma a zuba man da aka rubuta a murfin. Kada a zuba man birki, yana cinye robobin.

In kuwa ka yanke shawarar rabuwa da famfo gaba ɗaya, to ka yi shi ta hanyarsa. Wasu motocin, kamar Starlet da tsofaffin Corolla da Hilux, kamfani ya fitar da su iri biyu, mai famfo da marar famfo. A nemo ƙarfen sitiyarin marar famfo na ainihin wannan samfurin a ɗaura. A mai da tayoyi girmansu na asali. A bar babban sitiyari a wurinsa. Wannan ne kaɗai zai mai da motarka ta zama irin ta farko. Zare bel ba ya yin haka.

Akwai wata ɗabi'a kuma da ta danganci wannan, dole in taɓo ta. Tun ambaliyar 1945 da ta sa aka maido Maradi kan tudu, garinmu ya zama mai hawa da gangara wajen gulbi. Wasu direbobi suna kashe inji a gangara don tsimin mai. Da ka kashe inji, famfon sitiyari ya tsaya. Taimakon birki ma taku ɗaya ko biyu ne ya rage ya ƙare. In ka murza makulli ya wuce, sitiyarin kansa yana iya kullewa. A Amurka, a 2014, kamfanin General Motors ya janye miliyoyin motoci saboda makullinsu yana kashe inji ana cikin tafiya. Sitiyari ya yi tauri, birki ya yi tauri, jakar iska ta ƙi buɗewa. Mutum fiye da 100 aka tabbatar sun mutu ta wannan dalili. Su kuskuren ƙira ne ya jawo musu. Kada mu jawo wa kanmu irinsa saboda man da bai cika kofin shayi ba.

Kafin mu rufe, kalma biyu ga masu sitiyarin ƙarfi na asali, masu tsohuwar Fijo da Hilux da Starlet. Motarku ba ta da laifi, kuma zama da ita ba wuya. Kada ku yi kokawa da sitiyari mota na tsaye. Ku bari ta ɗan motsa, ko da tafiyar ƙafa ce, sannan ku murza. Ku riƙa leƙa wurin mai faci a auna iskar tayoyin gaba, don taya mai ƙarancin iska tana ninka tauri. A riƙa sa giris a gaɓoɓin da ke buƙata. A duba robar da ke rufe ƙarfen sitiyari, don in ta yage, ƙurar hunturu da yashi za su shiga su ci haƙoran. Hannu biyu a kan sitiyari, manyan yatsu a waje. In za ku tsaya, ku tsaya inda fita ba za ta buƙaci murzawa da yawa ba. In kuma kuka ji ta yi taurin da ba ta saba ba, ciwo ne, a kai ta a duba.

Kuma duk wanda zai ba da aron mota mai tauri, ya faɗa. Ka saba da ita, hannunka ya san ta. Ƙanenka ko maiɗakinka da suka koyi tuƙi da mota mai famfo ba su san ta ba. Kwanar farko ce za ta ba su mamaki. Mai sayarwa ma haka. Ɓoye wa mai saye cewa an kashe famfo ha'inci ne, kuma ha'incin da ke iya cin rai.

Na faɗa a farko, ina kuma ƙara faɗa. Motar da aka ƙera ba famfo daban take. Motar da aka kashe wa famfo daban take.

Saboda haka ina roƙon makanikanmu na Maradi da Tsibiri da Jiratawa, ku da kuka fi kowa sanin abin da ke cikin ƙarfen nan. In yaro ya zo ya ce a zare bel, ku zaunar da shi ku yi masa bayani kamar ɗanku. In ya ƙi ji, ku ƙi yi. Iyaye, in ɗanku yana da mota, yau ku shiga ku tada ta, ku murza sitiyarin da kanku tana tsaye. In ya gagare ku, a ajiye ta sai an gyara. Ku kuma samari, ku yi wa motocinku fenti, ku wanke su su yi ƙyalli, babu mai hana ku. Amma sitiyari da birki ku bar su yadda aka ƙera su.

Allah Ya tsare mu a kan hanya, Ya kai kowa gidansa lafiya.